Kuɗin asusun ƙungiya da yasar kwatar unguwa: a ba ni shawara kafin taron Lahadi

Sakataren 'Yan Albasa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ban saba rubutu a nan ba, na fi karanta na mutane in wuce abina, amma yau magana ta sha mini kai, don haka a yi haƙuri da tsawon zance.

Ni ne sakataren wata 'yar ƙungiyar taimakon juna a nan kasuwar Mile 12 da ke Legas. Mu 63 ne a littafi, kusan dukkanmu 'yan albasa, yawanci daga wajen Aliero da Jega, sai 'yan tsiraru daga Sakkwato. Iyayen gidanmu suka kafa ta tun ban zo Legas ba, kuma dalili ɗaya ya sa: wani bawan Allah ya rasu a ɗakin haya, gawarsa ta wuni a kwance ana bin rumfa-rumfa da hula ana karo-karon kuɗin likkafani da mota. Suka ce wannan abin kunya ba zai sake samunsu ba. Yanzu kowa na zuba naira 3,000 a wata. In an yi rasuwa, asusu ya ɗauki likkafani da kabari da mota, sannan a aika wa iyali wani abu gida. In ciwo ya kwantar da mutum, a rage masa kuɗin asibiti. In tirela ta lalace maka wajen Jebba ta kwana huɗu albasa ta ruɓe, a ba ka rance babu ruwa ka sake tashi. Iyakar abin da ke rubuce ke nan a shafi biyu na farkon littafin, da ajami da boko.

Ni wajen Agiliti nake zaune. Wanda ya san wurin ya san ba sai an yi ruwan sama muke shan ambaliya ba. In aka saki ruwan dam ɗin Oyan wajen Satumba zuwa Oktoba, kogin Ogun ya tumbatsa, mu ne a bakinsa. Wannan ya fi ƙarfinmu. Amma akwai wata kwata da ta bi ta bayan masallacinmu ta wuce gaban wata makarantar firamare, ita kam da hannunmu muka kashe ta, mu da maƙwabta. Ledar fiya wata, robar lemo, ɓawon albasa, da farar robar nan ta zuba abinci da gwamnatin Legas ta hana a Janairun 2024, wadda tsohuwarta ke nan jibge a ƙasa kamar shuka ta aka yi. Watan Yunin da ya wuce aka yi ruwan awa biyu, kwata ta hau har kan tabarmin masallaci. A rumfar mai shayi muka yi Magariba ranar.

Washegari yaranmu su 9, ba wanda ya sa su, suka aro shebur uku da baro ɗaya suka faɗa ciki. Ina tsaye a wurin. Akwai wata tsohuwa Bayarbiya mai gasa masara a kwanar, shekara shida ina wuce ta, iyakarmu ta ce "aboki" in ce "Iya". Ranar ta bar masararta a kan wuta ta zo ta tsaya tana kallon wani yaronmu, baƙin taɓo har ƙugunsa, yana kokawa da wata matacciyar katifa da ta toshe bakin kwalbati. Da katifar ta fito, ruwa ya yi wani irin gurnani ya wuce, sai ta ce "E ku ise o," wato sannu da aiki, ta je ta sayo jakar fiya wata guda ta dire musu a kan benci, ta koma wajen masararta da ta riga ta ƙone. Da yamma sai ga mutum biyu daga CDA, wato ƙungiyar masu gidajen unguwa, suna tambayar wane ne shugabanmu. Tunda nake unguwar nan ba a taɓa tambayar ko muna da shugaba ba, sai dai in kuɗin gadi za a karɓa.

Daga nan yara suka ɗau zafi. A taron wata suka kawo buƙata: a mayar da yasar kwata aikin ƙungiya duk wata, a cire naira 150,000 daga asusu a sayi takalman ruwa da safar hannu da shebur da manjagara da baro biyu, sannan a ɗinka riguna masu sunan ƙungiya. Ma'ajinmu dattijo ne da ko biro ba ya saye da kuɗin asusu. Ya ce muddin makulli na hannunsa, sisin kwabo ba zai tafi kwata ba. Kuɗin nan na gawa ne da marayu. Ya ce mu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu, muna biyan haya, muna biyan kuɗin shara, duk Alhamis ba a buɗe kasuwa sai ƙarfe 10 saboda tsafta, to wace kwata ce kuma ta rage a wuyanmu? Sai wani yaro ya miƙe ya ce, "Baba, shekara biyar ina zubi, ban mutu ba, ban kwanta ciwo ba, me ƙungiya ta taɓa yi da na gani da idona?" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don littafi na hannuna: mutum 7 suka daina zubi bara, kuma babu wanda ya kai shekara 35 a cikinsu.

Ba zan ɓoye ba, raina na wajen yaran. Ina nan a watan Maris na 2016 da rikici ya tashi a nan aka ƙona gidaje aka rufe kasuwa, na ga yadda wanda ya san fuskarka ke buɗe maka ƙofa. Amma kuma ni na rubuta takardar kuɗin da aka aika wa wata mai takaba a Jega bara, na san abin da naira 150,000 ke yi a gidan da aka yi rashi.

Shin akwai wanda ƙungiyarsu ta taɓa haɗa biyun nan, taimakon 'ya'yanta da aikin gayyar unguwa, ba ta fashe ba? Yaya kuka yi da kuɗi? Wanda bai fito aiki ba, tara ake cin sa ko ƙyale shi ake yi? Taro ranar Lahadi ne bayan La'asar.

Baban Zango ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, jikata ce ke danna mini wayar, in an ga kuskure nata ne.

Ma'ajinku ku riƙe shi hannu biyu, irinsa sun yi ƙaranci. A kan kuɗi yana da gaskiya. Abin da mutum ya zuba da sharaɗin gawa da ciwo amana ce a kan wannan sharaɗin. Ko mutum 62 sun ce a sayi shebur, in na 63 bai yarda ba, haƙƙinsa na ciki. Ka tambayi limaminku ka ji.

Mu 'yan goro a Agege mun taɓa yin irin abin da yaranku ke so. Katangar makarantar allo ta faɗi, muka ce ai aikin lada ne, muka ɗebi kuɗin asusu muka tayar da ita. Damina ba ta fita ba sai da muka yi rasuwa uku a jere. Ta ukun da hula muka zagaya, abin da aka kafa ƙungiyar don a daina. Ɗan'uwan mamacin ya tsaya a bakin kabari ya ce, "Kuɗin yayana na jikin katanga." Bai ƙara ba, kuma ba wanda ya iya ɗaga kai. Mutane da yawa daga ranar ba su sake zubi ba.

Tun daga nan muka yi gwangwani biyu. Na gawa ƙayyadadde ne, ba a taɓa shi. Na biyu muna ce masa fisabilillahi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a ƙirga a gaban kowa kafin a tashi. Kuma ba hannu ɗaya ke riƙe su ba. Da na biyun muke sayen fartanya da adda mu share maƙabarta kafin azumi, da shi muke cike ramukan hanyar masallaci.

Inda na rabu da ma'ajinku shi ne maganar baƙunta. Kakana goro ya kawo shi Agege. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano tun 1912, mutanenmu kuwa sun riga jirgin zuwa. A nan aka yanke mini cibi, a nan na binne mahaifina. Shekara nawa ake yi kafin a daina zama baƙo? Kuma kada ka zaci Yarbawa ba su san wannan harka ba. Adashenmu shi ne esusu ɗinsu, gayyarmu ta noma suna da irinta suna ce mata owe. Ƙungiyar Musulmi ta Ansar-ud-Deen a nan Legas aka kafa ta a 1923, da kuɗin karo-karon 'ya'yanta ta gina makarantun da kake gani. Sun fi mu sanin darajar wanda ya fito aikin unguwa, shi ya sa suka zo neman shugabanku. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa, kuma bai ce sai hanyar garinku ba.

Tara kuwa kada ku soma. Ka taɓa jin an ci mutum tara don bai je gayya ba? A gida mai gona fura yake damawa, ya kira mai gangar noma, wanda ya ƙi zuwa kuma kowa ya gan shi, ranar tasa gayyar zai gani. Ku dai tanadi koko da ƙosai masu yawa, kuma manya su fito ko da ba za su taɓa shebur ba. Ku kafa musu benci su zauna.

Tsohon Ɗan Acaɓa ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar ni in faɗi wadda ba a son ji.

Na yi irin wannan aiki sama da shekara uku a ƙungiyarmu ta masu babur a Mushin. Mun cike ramuka, mun yashe kwata, mun ba da hannu ranar Juma'a. Riguna har kala biyu aka ɗinka mana. Abin da na gani shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mu muna cikin taɓo tun asuba, ƙarfe tara shugabanni su iso cikin farar shadda, a miƙa musu shebur mai tsafta, a ɗau hoto a sa a Facebook. Saboda haka maganar bencin nan ta Baba, ni dai ban sani ba.

Sakatare, kada ka gaya wa yaranku wai yasar kwata za ta sayo muku zaman lafiya ko kariya. Da dokar hana acaɓa ta zo a Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, aka ƙara huɗu a Satumba har da Mushin da Kosofe ɗinku, babu wanda ya tuna mun taɓa cike rami. In za su yi, su yi don Allah da don kada ruwa ya shiga masallaci.

Ga abin da nake so ka kai taro. Na taka fasasshiyar kwalba a kwata, da silifas na shiga. Ƙafa ta kumbura kamar tulu, sati uku ban hau babur ba. Da na je wajen ƙungiya sai aka buɗe littafi aka ce abin da ke rubuce hatsarin hanya ne, wannan kuwa ba hanya ba ce. Yayana ya biya. To kai ma buɗe naku littafin, in yaro ya ji ciwo a kwata wa zai biya? A rubuta kafin kowa ya sake shiga.

Sannan ka tuna maigida in ya fito gayya, rumfarsa a buɗe take, yaransa na sayarwa. Ɗan dako in ya fito, abincin ranar ya tafi. Kada ku sa aiki ranar da motoci ke sauke kaya.

Na ƙarshe, taɓon da kuka kwaso ina za shi? In kun tara shi a bakin kwata, ruwa ɗaya zai mayar da shi inda ya fito, ko a zo a ce ku kuka zubar da shara a titi. Masu kurar shara kuma an hana su. Ku gama magana da mai motar kwasa tukuna. Kuɗin motar ya fi na shebur, kuma duk wata ne.

Maman Hanifa ta rubuta:

Salamu alaikum. Malam Sakatare, ni ma'aikaciyar jinya ce, a Idi-Araba nake zaune. Zan fara da ƙafar ɗan'uwanmu na sama. Duk wanda zai shiga kwata ya je cibiyar lafiya ta unguwa a yi masa allurar titanus, kuma ba guda ɗaya ba ce, ana komawa ta biyu bayan wata guda. Mai buɗaɗɗen ciwo a ƙafa kada ya shiga ko da takalmi, ruwan nan akwai fitsarin ɓera a ciki kuma yana sa zazzaɓi mai tsanani. Rufaffen kwalbati kuwa kada kowa ya kutsa kai, akwai iskar da ke taruwa a ciki mai sumar da mutum kafin ya yi ihu, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. A jawo da ƙugiya daga waje. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ƙosan da Baba ya ce. Kun dai tuna kwalarar da aka yi a Legas a Yunin 2024, Kosofe na cikin wuraren da ta fi taɓawa.

Amma ni abin da ya kawo ni daban ne. Kuna ta jayayya a kan 150,000, alhali akwai aikin da ba ya cin ko kwabo kuma mun fi buƙatarsa.

Wani dare wajen ƙarfe biyu aka kira ni in yi tafinta. Wani mutum ne, mai gadi, matarsa ta haihu jini ya ɓalle. Ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, buroka ma kaɗan-kaɗan. An ce masa ya kawo masu ba da jini. Yana tsugune jikin bango da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na rawa har yana danna na wanda ya riga ya kira. Wanda ya ɗauka ya ce yana Ikorodu. Wani ya ce shi tsoron allura yake. Biyu suka zo da asuba, ɗaya aka gwada aka ce jininsa bai isa ba. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ba dabararmu ba ce. Kuma mutumin nan yana da ƙungiya, yana zubi duk wata. Da ta rasu, da sun kawo likkafani cikin awa ɗaya.

Kuna da maza 63 a littafi guda. Ka ja layi ɗaya a gefen sunaye ka rubuta rukunin jinin kowa da unguwar da yake kwana. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 zuwa sama, zai iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ledar fiya wata ɗaya ma ta fi shi. Namiji na iya sakewa bayan wata uku. Ana gwada jinin a duba ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, kuma sakamakon sirrin mai shi ne, ba a gaya wa sakatare. Na san abin da za su ce maka: wai yana rage ƙarfin namiji, wai sayarwa ake yi. Na farkon ba gaskiya ba ne. Na biyun kuwa maganinsa ku je tare ta hannun hukumar jini ta jiha, kuma ku fara da kanku ku shugabanni.

Tafinta ma aiki ne. Mutum uku masu jin Yarbanci da Turanci da za a iya tasa da dare sun isa.

Kuma ban ji an ambaci mata ba a duk zancen nan. Mu a adashenmu mun daɗe muna raka masu ciki awo, muna kai wa mai jego abinci, Bahaushiya ko Bayarbiya, ba mu taɓa ɗinka riga ba.

Akanta Ikeja ya rubuta:

Yaya Sakatare, aikina lissafi ne, bari in zo ta nan.

Rigimarku ba sabuwa ba ce, an yi ta a Amurka tun ƙarni na 19. Akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka masu inshora da baƙin haure da leburori suka kafa, don mai gida in ya mutu a masana'anta iyalinsa ba su da kowa. Ɗaya daga cikin manyansu, Knights of Columbus, wani limamin Katolika mai suna Michael McGivney ya kafa ta a New Haven a 1882, yawancin mutanensa 'yan asalin Ayalan ne. Tsarin farko kamar hularku ne, in ɗan ƙungiya ya mutu a bi kowa ya ba da dala ɗaya a kai wa matarsa. Ƙungiyoyi da dama masu irin wannan tsari sun durƙushe, kuma abin da ya kashe su shi ne tsufa. Mutane suka manyanta, mutuwa ta yawaita, karo-karo ya yi nauyi, samari suka ga su ke biya suka gudu, nauyin ya ƙaru a kan waɗanda suka rage. Waɗanda suka tsira su ne suka koma zubi gwargwadon shekarun mutum tare da ajiya ta musamman.

Har yau suna nan, kuma dokar harajin Amurka ta ɗauke musu haraji da sharaɗin suna aiki ta rassa kuma suna biyan 'ya'yansu haƙƙin mutuwa ko ciwo. Kuɗin inshorar hukuma na sa ido a kansa, reshe ba ya ɗiba don ya ga dama. Aikin unguwa kuwa rassa ke yi da jikinsu, suna rubuta awannin da kowa ya yi. Wata mai suna Thrivent takan ba ɗan ƙungiya dala 250 na somin-taɓi in ya tara mutane za su yi wa unguwa aiki. Ka ga gwangwani biyun Baba ne, sai dai su sun sa masa doka.

Yanzu naku. 63 sau 3,000 naira 189,000 ke nan a wata in kowa ya biya. Mutum 7 da suka tafi, 21,000 ne a wata, 252,000 a shekara. Wato tafiyar yaran ta riga ta ci wa asusun gawa fiye da kuɗin sheburan da ake faɗa a kai, kuma za ta sake ci baɗi. Wannan lissafin ka kai wa ma'aji, da yaren da yake ji ka yi masa magana. Ba ina cewa a taɓa asusu ba ne. Ina cewa mai son asusu ya fi kowa buƙatar samarin nan su zauna, don su ne ke zubi ba sa ɗiba.

Shawarata, ku ƙiyasta kuɗin jana'iza uku a farashin yau, ku rubuta cewa asusu ba zai taɓa sauka ƙasa da haka ba. In kuna da rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku duba manufofin da kuka rubuta, ƙara sabon aiki sai da ƙudurin taro. In ba ku da ita, aƙalla kuɗin su koma banki da sa hannun mutum biyu ko uku. Makulli a hannun mutum ɗaya, ko waliyyi ne, shi ma yana da ranarsa.

Ɗan Alaba Rago ya rubuta:

Ni tambayata ɗaya ce. Katifar nan da ta toshe kwalbati, ta wace ce? Kafin a kafa kwamiti a fara gano mai ita.

Sakataren 'Yan Albasa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. An yi taro, mun kai har bayan Isha'i, ga yadda ta kaya.

Asusu ba a taɓa shi ba. Na karanta musu labarin katangar Baba, wurin ya yi tsit, yaran da kansu suka janye maganar 150,000. An yi gwangwani na biyu, aka tara naira 41,500 a zaman farko, 10,000 daga ciki mutum ɗaya ne ya jefa kuma ya hana a faɗi sunansa. Na so ma'aji ya riƙa duba wanda zai riƙe shi, ya ce shi ba ruwansa, ba ya haɗa tsarki da kwata. Lissafin Akanta na kai masa gida tun ranar Asabar. Ya sa tabarau ya duba ya daɗe, ya ce yaran da suka tafi ba don shebur suka tafi ba, caca ce ta waya ta cinye su. Ban iya musa masa duka ba, don biyu daga cikinsu na san haka ne.

Abin da ya ba ni mamaki, maganar rauni shi ya fi kowa tsayawa a kai. Ya ce ciwo ciwo ne, ɗan ƙungiya in ya ji rauni ko a kwata ko a kan rimi asusu zai ɗauka, wannan ba sabon sharaɗi ba ne. Na rubuta, mutum biyar suka sa hannu. Tsohon Ɗan Acaɓa, wannan taka ce.

Tara an yi watsi da ita. Riguna ma an ɗage, yara uku suka yi fushi suka fita, ɗaya ya dawo da aka kawo shayi. Maganar banki ban ma tayar da ita ba, na ga in na haɗa ta da wannan a rana ɗaya dattijon zai ɗauka shi ake nufi.

Hajiya Maman Hanifa, na ja layin. Mutum 11 kawai suka ba da suna, a cikinsu 2 ne suka san rukunin jininsu, ni ma ba na ciki. Wani dattijo ya ce a bar shi ya tambayi malaminsa. Maganar mata kuwa da na faɗa a gida, uwargida ta ce sai yau muka sani.

Sabuwar da ta taso ita ce ta CDA. Sun ce su za su nemo motar kwasar taɓo, amma mu shiga cikinsu a rubuce, a ba mu kujera ɗaya, mu riƙa biyan kuɗin wata kamar masu gida. Mu kuwa 'yan haya ne, kuma a cikin 63 ɗin nan waɗanda ke kwana a unguwar ba su fi 20 ba, saura suna Ketu da Owode da cikin kasuwa. Wa zai biya, ƙungiya ko mazauna? Mun bar ta sai taro na gaba. In akwai wanda ƙungiyarsu ke da kujera a CDA, don Allah ya faɗa mini yadda suka raba.

Ɗan Alaba Rago, an gano mai katifa. Ɗan ƙungiya ne, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan a ɗinka riga. Ya ce ambaliyar bara ce ta ɗauke ta daga kan katanga inda ya shanya. An karɓa masa a haka, amma shi zai kawo ƙosan Asabar mai zuwa.

Hajiya, allurar nan, in mutum ya yi ta farko ranar Talata, zai iya shiga ranar Asabar ko sai ya jira ta biyun?